Ka Ja Jirginka ko Ka Yi Haya? Jagorar Tafiya Kamun Kifi Wuri Mai Nisa

Tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu karatu, kowa da yadda yake yin ta: mutum yana da ƙaramin jirginsa mai inji, an shirya tafiya kamun kifi wani tafki ko bakin teku mai nisan yini ɗaya ko biyu a mota, to ya ɗora jirgin a tirela ya ja, ko ya bar shi a gida ya yi haya idan ya isa? Yawancin masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a zuci. Jirginsu suke so, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya saba da jirginsa ya san inda kowace ƙugiya take, ya san kukan injinsa. Sai dai a doguwar tafiya abin da ke yanke magana shi ne lafiyar tirela, da ƙarfin motar da za ta ja, da yawan kwanakin da za a yi a kan ruwa idan an gwada su da na kan kwalta. Matakai uku na farko na kowa ne, daga nan hanya ta rabu.

1. Fara da ruwan da za ka

Nemi lambar masu kula da wurin, ko ta wani mai sayar da kayan kamun kifi a bakin ruwan, ka yi magana da mutum. Hoton da ke intanet zai iya zama na lokacin da ruwa ya cika maƙil. Ka tambaya ko akwai gangaren siminti da ake sauke jirgi daga tirela, kuma ko ruwa yana kaiwa gare shi a watan da za ka je. A madatsun ruwa da yawa, idan ruwa ya ja baya sai gangaren ya ƙare a laka, tayar tirela ta faɗa ƙarshen siminti ta maƙale. Ka tambayi inda ake ajiye mota da tirela, a bakin ruwa da kuma masauki, da ko ana biyan kuɗin sauke jirgi kullum ne ko sau ɗaya.

Sai dokar wurin game da inji. Akwai tafkunan da ba a yarda da injin fetur ba sam, sai na batir, akwai kuma masu ƙayyade ƙarfin inji. A tafkin Tahoe na Amurka, alal misali, tun 1999 aka hana tsofaffin injinan nan masu kabureta da ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Wasu wuraren kuma sai an duba jirgin baƙo, wani lokaci a wanke shi, kafin a bar shi ya taɓa ruwa.

A wannan kiran ne za ka ji ko akwai jirgin haya na gaske. Da yawa daga cikin na hayan an yi su ne don yawon shaƙatawa: kujeru masu laushi da rumfa, babu wurin soke sandar fatsa, babu na'urar gano kifi.

Gargaɗi: jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki da gajeren gefe, wanda ke maka aiki lafiya a rafi ko ƙaramin tafki, bai dace da babban tafki ko teku ba, inda iska ke tayar da igiyar ruwa cikin mintuna. Idan jirginka bai dace da ruwan ba, magana ta ƙare a nan, ka tsallaka zuwa mataki na 9.

2. Auna nauyi a sikeli

A littafin motarka akwai iyakar nauyin da za ta iya ja, da iyakar nauyin da zai iya danna ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela a bayanta. A jikin tirela ma akwai ɗan faranti mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada waɗannan lambobi da nauyin da kamfanin jirgi ya rubuta, alhali sau da yawa wannan nauyin gangar jirgin ce kawai, ba inji, ba mai, ba batir.

A ce an rubuta kilo 700. Ƙara inji mai kilo 170, fetur lita 100 wanda ya kai kilo 74, batura biyu kilo 45, anga da sarƙa da kular ƙanƙara da sauran tarkace kilo 110, sai ita kanta tirelar kilo 300. Ka tashi da kusan kilo 1,400, ninki biyu na abin da ke takarda. Shi ya sa ya fi kyau ka loda komai yadda za ka tafi, ka je sikelin da ake auna manyan motoci. Ka bar rata tsakanin abin da sikeli ya nuna da iyakar motar. Motar da ke ja daidai iyakarta za ta yi ta maza a gajeriyar hanya, amma a hawan dutse cikin zafin rana giya da lagireto ne za su biya.

Kada ka manta nauyin da bakin tirela ke ɗora wa bayan mota yana cikin kayan da motar ta ɗauka, tare da fasinjoji da jakunkuna.

3. Yi lissafin kuɗi a takarda

Raba takarda biyu. A ɓangaren ja, abin da za ka rubuta shi ne ƙarin da jirgin ya jawo, tunda ko ba jirgi za ka sha mai zuwa can. Cika tanki, ka ja jirgin kilomita 50 ko 100 a babbar hanya, ka sake cikawa, ka ga abin da motar ta sha. A ce ita kaɗai tana shan lita 10 a kilomita 100, da jirgi kuma 15, tafiyar kuwa kilomita 900 ce zuwa, 900 dawowa: ƙarin lita 90 ke nan. Sai kuɗin gyaran tirela, da kuɗin hanya, wanda a wurare da yawa yakan ƙaru ga mai jan tirela, da kuɗin jirgin fito idan za a tsallaka ruwa, domin da tsawon mota ake yanka shi. Ƙara kuɗin sauke jirgi, da na izinin shiga ruwan, da ƙarin inshora, da kwana ɗaya a masauki idan jan ya sa tafiyar yini ɗaya ta koma biyu. A ƙasa ka ware wani abu na ko-ta-kwana, kamar kuɗin taya ɗaya da na motar janwe.

A ɓangaren haya: kuɗin yini sau yawan kwanaki, inshorar lalacewa, hayar duk wani abin da ba ya cikin jirgin, da kuɗin jingina. Jinginar za ta dawo, amma tana riƙe a katinka har ƙarshen tafiya, don haka ba za ka iya kashe ta ba. Man da jirgi zai sha a ruwa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, sai dai man bakin ruwa yakan fi na gidan mai tsada. Idan haya za ta ba ka damar hawa jirgin sama ko tafiya da ƙaramar mota, wannan ma ka sa shi a lissafi.

Yanzu ka raba jimillar kuɗin ja da kuɗin hayar yini ɗaya. Abin da ya fito shi ne yawan kwanakin da daga su jan jirgi ke fara riba. Dalili kuwa, kuɗin ja kusan ɗaya ne ko kwana biyu za ka yi ko goma, na haya kuwa kullum gari ya waye ƙaruwa yake.

Ra'ayina: idan kwanakin hanya, zuwa da dawowa, sun kai kwanakin kamun kifi, ka yi haya. Idan za a yi mako ko fiye, kuma akwai mutum biyu ko uku da suka iya tuƙi da tirela, ja ya fi. Akwai kuma hanya ta uku da mutane ke rainawa, wato ɗaukar jagora ɗan wurin da jirginsa a ranar farko. Yana da tsada, amma abin da zai nuna maka a yini ɗaya, na inda kifi ke taruwa da inda duwatsu ke ɓoye, zai iya cin maka kwana uku kana lalube.

Idan ka zaɓi ja

4. Gyara tirela makonni biyu ko uku kafin tafiya

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Tirelar jirgi ta fi kowane abin hawa shan wulaƙanci: tana zaune wata da watanni a rana, a tsoma ta a ruwa, a mayar da ita ta zauna. Gajeriyar hanyar da ka saba bi ba ta tona asirinta. Awa takwas a guje za ta tona.

Fara da taya. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida, ko gefenta ya fara tsattsagewa, ka canza ta ko da zanenta na nan sabo. Ka duba iyakar gudu da nauyin da aka rubuta a jikinta, domin tayoyin tirela da yawa ba a yi su don wuce kilomita 105 a awa ba. Iska kuma da safe ake auna ta, taya na sanyi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana ɗaukar zafi, zafi kuwa shi ke fasa ta.

Sai boris, wato ƙananan ƙarafan cikin cibiyar taya da take juyawa a kansu, wanda shi ne babban mai tsayar da masu jan jirgi a gefen titi. Ɗaga kowace taya da jak, ka juya ta da hannu, ka kasa kunne. Idan ka ji gurza ko ƙara kamar akwai yashi a ciki, boris ya tafi. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ta yi wasa sosai ba. Leƙa bayan tayar ta ciki: idan giris ya fantsama a jikin ƙarfen, robar da ke tare shi ta lalace, kuma ta inda giris ya fita ta nan ruwa ke shiga. Cire marfin cibiyar ka dubi giris ɗin. Idan ya koma fari-fari ko ruwan toka, ruwa ya gauraya da shi, sai a kwance, a wanke, a duba, a sa sabo. Ni a ganina, kafin tafiya irin wannan a kwance duka a sake musu giris, ko da ba su yi ƙara ba.

Duba fitilun baya, na birki da sigina, ka goge tsatsar da ke bakin soket. Yawancin matsalar fitilar tirela daga wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfenta take, idan wurin ya yi tsatsa. Idan tirelar na da birki, a duba mansa da takalmansa. Ka bi ƙarfen tirelar da sifirin da guduma kana ƙwanƙwasawa, musamman idan ta taɓa shiga ruwan gishiri, domin tsatsa daga ciki take ci. Ka warware igiyar winci, wato na'urar da ake murɗawa a jawo jirgi kan tirela, gaba ɗaya ka ga ko ta tsinke a wani wuri.

Kayan da za ka riƙe: safayar taya mai iska, biyu ma idan hanyar ta ratsa daji, cibiyar taya guda cikakkiya da boris da giris a ciki, domin canza ta a gefen titi ya fi kwance tsohuwa sauƙi, jak, sifanar taya, katako mai faɗi na ɗora jak a ƙasa mai laushi, waigi biyu, giris, ma'aunin iska, fis, ƙwan fitila, tocila da ƙarin bel na ɗaure kaya.

Gargaɗi: notin tayar tirela sau da yawa ba girmansu ɗaya da na mota ba, kuma jak ɗin mota ba lallai ya shiga ƙarƙashin tirela ba idan taya ta sace. Gwada su biyun a gida. Duk tayar da aka kwance aka mayar, a sake ɗaure notinta bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko.

Injin jirgin ma a tayar da shi a gida, da ruwa a haɗe, a tabbatar batura sun cika.

5. Takardu da dokokin hanya

Ka haɗa takardun mota, na tirela, na jirgi da na inji a leda ɗaya. Doka tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, don haka ka duba ta duk inda za ka ratsa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta zama da birkinta. Iyakar faɗi a Turai mita 2.55 ne, a yawancin jihohin Amurka kuwa kusan mita 2.6, abin da ya wuce haka sai da izini na musamman. Mai jan tirela a Birtaniya ba ya wuce mil 60 a awa a babbar hanya, 50 a hanya mai hannu ɗaya. A Jamus kilomita 80 ne, sai wanda ya sami izinin 100. Ka kuma tabbatar ajin lasisinka ya ba ka damar jan wannan nauyi.

Kira kamfanin inshorarka ka yi tambayoyi uku. Idan jirgin ya lalace a kan titi, wa zai biya? Inshorar jirgin ta kai har ruwan da za ka, ko tana da iyaka? Idan mota ta tsaya aka zo janye ta, za a ɗauki tirelar ko za a bar maka ita a gefen hanya? Amsar ta ukun takan ba mutane mamaki.

6. Maƙala tirela da ɗaure jirgi

Girman ƙwallon ja yana rubuce a kansa, na bakin tirela ma haka, kuma dole su zama ɗaya. A Turai milimita 50 ne, a Amurka akwai inci 1⅞, inci 2 da inci 2 5/16. Baki mai inci 2 zai zauna a kan ƙwallo mai 1⅞ kamar ya kama, sai an faɗa rami ya fice. Bayan ka rufe maƙullin ka sa masa fil, ka murɗa ƙaramar tayar gaban tirela ƙasa: idan bayan mota ya fara ɗagawa tare da tirelar, ya kama.

Gitta sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashin bakin tirela, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, don idan ya fice su tare shi kafin ya soki kwalta. Wayar birkin gaggawa kuma a jikin mota ake maƙala ta, daban da sarƙa. Sa wani ya tsaya a baya ka gwada fitilu ɗaya bayan ɗaya.

Goshin jirgi ya manne da robar gaban tirela, igiyar winci a ɗaure, da sarƙa ta biyu a ƙarƙashinta. Winci kaɗai ba ya riƙe jirgi idan aka taka birki da ƙarfi. A baya bel biyu, ɗaya kowane gefe. Ɗaga inji ka sa masa madogari, don kada nauyinsa ya yi ta dukan bangon bayan jirgi a kowane gargada. Cire toshiyar magudanar ruwa saboda ruwan sama, kuma wasu wuraren, kamar jihar Minnesota ta Amurka, doka ce a cire ta a kan hanya. Ajiye ta inda ba za ka iya tayar da jirgin ba sai ka gan ta, kamar a ɗaure da makullin inji.

Nauyin da ke danna ƙwallo ya zama kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na jimillar nauyin tirela da jirgi, muddin bai wuce iyakar motar ba. Idan ya yi kaɗan, wato kaya sun taru a baya, tirela za ta yi ta lilo. Kada ka mai da jirgin motar kaya. Tankinsa ma ka bari sai ka kusa isa ka cika. Duk abin da iska za ta iya ɗauka, riguna, matasai, murfin kula, a shigar da shi mota. Tamfol ɗin da bai ɗauru tam ba gara babu shi, domin zai yi ta kaɗawa ya goge fenti ya yage.

7. A kan hanya

Tsaya bayan kilomita 20 ko 30 na farko ka zagaya. Bel yakan saki idan jirgi ya zauna daidai. Daga nan duk awa biyu ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace taya, sannan ka taɓa a hankali. Ɗumi ba komai. Idan ba ka iya barin hannunka a kai, ko ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko ka ji ƙaurin giris, kada ka ci gaba. Boris ɗin da ya ƙone yakan cinye sandar da yake juyawa a kai, wani lokaci tayar ta fita gaba ɗaya.

Ninka tazarar da ka saba bari tsakaninka da motar gaba. Buɗe kwana, domin tayar tirela tana yanke kwana fiye da ta mota. A gangara ka sauko da giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. Kafin ka shiga gidan mai ko wurin cin abinci, ka fara hango ta inda za ka fita ba tare da ribas ba.

Gargaɗi: idan tirela ta fara lilo, ko babbar mota ta wuce ka iskarta ta kaɗa ka, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, gudu ya ragu da kansa. Sannan ka tsaya ka matsar da kaya gaba.

Da daddare ka sa wa bakin tirela kwaɗo, ka kwashe na'urori da sandunan fatsa zuwa ɗaki.

8. Sauke jirgi

Duk shiri a gefe ake yin sa, ba a kan gangare ba, inda wasu ke layi. Mayar da toshiya, ka sake dubawa. Kwance bel na baya da madogarin inji, ka loda kaya, ka ɗaura igiya a goshin jirgi, amma ka bar ƙugiyar winci har sai bayan jirgin ya shiga ruwa. Minti 15 ko 20 da wannan shiri zai ci yana da wani amfanin: cibiyar taya za ta huce. Cibiya mai zafi idan ta faɗa ruwan sanyi, iskar cikinta takan tsuke ta zuƙo ruwa zuwa cikin boris.

Taka da ƙafa ka ga inda siminti ya ƙare da inda gansakuka ta sa santsi. Wurin ribas, sa hannu a ƙasan sitiyari: inda hannunka ya nufa, can bayan tirela zai nufa. A hankali, da ɗan juyi kaɗan. Tirela mai birkin da ke kamawa idan ta tunkuɗo mota takan cije a ribas, sai an sa mata fil ɗin da ke hana hakan. Idan ka tsaya, ja birkin hannu ka sa waigi. Kada ka tayar da inji sai ƙasansa ya nutse, domin robar famfon ruwansa takan ƙone cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe. Ya tashi, ka dubi siririn ruwan da yake tsartarwa ta baya kafin ka saki jirgin.

Idan ka zaɓi haya

9. Kama jirgi tun kana gida

A lokacin da kifi ke ci, jiragen kirki da wuri suke ƙarewa. Ka nemi a turo maka yarjejeniyar ka karanta kafin ka biya kafin alƙalami. Abin da na fi so ka fara tambaya shi ne lokaci. Kifi yakan fi ci da asuba da kuma gab da faɗuwar rana, masu haya da yawa kuwa sai hantsi suke buɗewa, su ce a dawo da jirgi kafin yamma ta yi. Idan haka ne, ka biya kuɗin yini ka rasa sa'o'in da suka kawo ka. Tambayi ko hayar kwanaki da yawa tana ba ka damar riƙe makulli.

Sai tsawon jirgin da ƙarfin injinsa, da abin da ke cikinsa, da iyakar inda aka yarda ka kai shi. Tambayi takardar da suke nema, domin wasu ƙasashen sai da shaidar iya tuƙin jirgi idan inji ya wuce wani ƙarfi. Tambayi abin da zai faru idan iska ta hana fita: za a mayar da kuɗi, ko za a ɗaga rana, kuma wa ke yanke cewa yanayi ya ɓaci? Idan inji ya mutu a tsakiyar ruwa, wa zai zo, wa zai biya?

Gargaɗi: inshorar lalacewa da ake sayarwa tare da haya sau da yawa ba ta haɗa da farfela da giyar ƙasan inji ba, su ne kuwa baƙon ruwa ya fi lalatawa. Nemi wannan layin a yarjejeniyar da idonka.

10. Karɓar jirgi

Kada ɗokin fita ya sa ka sa hannu a tsaye. Kunna bidiyon wayarka, ka zagaya jirgin tare da ma'aikacin, kana nuna kowane ƙarzanewa. Sa a ɗaga inji. Bi gefen kowane reshen farfela da babban yatsa, duk inda ka ji tsaga ko lanƙwasa a rubuta a takarda. Leƙa bayan farfelar ko zaren fatsa ya naɗe a wurin, domin yakan yanke robar da ke tare man giya. Dubi ƙaramin fiffiken da ke ƙasan inji ko ya guntule. Ɗauki hoton ma'aunin mai.

Ƙirga rigunan ceto, kowa ya gwada tasa. Duba allurar tukunyar kashe gobara, da tsawon igiyar anga, da filafili, da fitilun dare, da famfon kwashe ruwa. Sa a tayar da inji a gabanka, a shiga giyar gaba da ta baya. Igiyar nan da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji idan ya faɗa ruwa, a fizge ta ka ga inji ya mutu. A Amurka tun Afrilun 2021 dokar tarayya ta wajabta ɗaura ta a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan ana gudu. Idan akwai rediyon VHF, wato na'urar sadarwa ta jiragen ruwa, tasha ta 16 ce ta neman agaji. Kafin ka tafi, ka sa ma'aikacin ya nuna maka wuraren duwatsu da kututture a taswira.

Abin da ke rage kewar jirginka shi ne ka zo da ƙananan kayanka: rigar cetonka da ta saba da jikinka, na'urar gano kifi ta tafi-da-gidanka da batirinta, mariƙin sandar fatsa mai matsewa a gefen jirgi, filaya, wuƙa, ragar ɗebo kifi, da taswirar ruwan da ka sauke a waya tun akwai sabis.

11. A kan ruwa, ko naka ko na haya

Lasisin kamun kifi daban yake da takardun jirgi, kuma yakan zo da ƙa'idar girma da yawan kifin da za a riƙe. Raba manka uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Inji mai ƙarfin doki 100 yakan sha kusan lita 35 zuwa 40 a awa idan an taka shi ƙarshe, rage gudu kuwa yana rage shan sosai. Faɗa wa wani a tudu inda za ka da lokacin dawowarka. Ranar farko ka tafi a hankali, kana barin GPS yana zana hanyar da ka bi, ita za ka biyo idan hazo ko duhu ya same ka.

12. Kafin ka kama hanyar gida

Mai haya ya cika mai yadda aka yi yarjejeniya, ya mayar da jirgi da sauran haske, a sake zagaya shi tare da ma'aikaci, a ɗaga inji a ga farfela, a sa hannu cewa an karɓa lafiya. Kada ka ajiye makulli ka tafi don ba kowa a ofis. Tambayi ranar da za a saki jinginar, kuma kada ka goge bidiyon sai kuɗin sun dawo.

Mai jirginsa ya cire toshiya tun a bakin ruwa, ya zubar da ruwan ma'ajiyar kifi da na cikin inji, ya tsince ciyayin da suka maƙale a tirela da farfela da anga. Da irin wannan ragowar ruwa da ciyawa ake kai baƙin halittu tafkin da babu su. Ƙaramar ƙumbar ruwan nan mai zane-zane, 'yar asalin yankin tekun Kasfiya da Baƙin Teku, an fara ganin ta a manyan tafkunan Arewacin Amurka a 1988, daga nan jiragen da ake ja a tirela suka taimaka wajen yaɗa ta, tana toshe bututun ruwa da na injina. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a wanke, a tsiyaye, a bar jirgi ya bushe aƙalla kwana biyar kafin ya shiga wani ruwan.

Idan ruwan gishiri ka shiga, ka zagaya da ruwan daɗi cikin inji na 'yan mintuna, ka wanke tirela sosai, musamman birki da sifirin. Tirelar ta sha tsomawa safe da yamma duk kwanakin nan, saboda haka kafin ka hau titi ka ƙara wa boris giris, ka auna iska, ka gwada fitilu, ka tsaya bayan kilomita 30 ka taɓa cibiyoyin kamar yadda ka yi ranar zuwa.